Kung Fu a Wurin Kamun Amarya

Ba zan taɓa mantawa da bikin Safiyya ba, kuma ko na so mantawa dangi ba za su bari ba, don har yau bidiyon yana cikin wayar kowace gwaggo daga Birmingham har Kano.

Bari in faro daga tushe. Ni ba ni da haƙuri, wannan ba sai an faɗa mini ba. Tun ina sakandare a Kano ake cewa bakina yana riga hankalina tashi daga barci. Da muka dawo Manchester wurin Baba, muka zauna a Old Trafford, na samu aiki a wani shagon magani kusa da Oxford Road. Wata rana da rana tsaka ina tsaye ina jiran bas ina latsa waya, wani ɗan iska a kan keke ya fizge ta ya wuce. Ba wayar ce ta fi ƙona mini rai ba. Tsayuwar da na yi ce, baki buɗe, hannu a miƙe kamar mai jiran canji. Ni da nake cika baki a gida cewa babu wanda ya isa.

A satin na nemo wurin koyon kung fu, aji na mata zalla, ran Asabar da safe, a saman wani shagon kayan miya na 'yan China. Mama ta riƙe haɓa. "Dambe za ki koya? 'Ya mace?" Baba ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ƙyale ta Hajiya, wataƙila a can a samu mai koya mata yin shiru."

Malamar tamu, Sifu muke ce mata, tsohuwa ce 'yar Hong Kong, ko kafaɗata ba ta kai ba. Ni na je da niyyar in ga ana tashi sama ana harbin iska kamar a fim. Sai ta sa ni tsayuwa. Ƙafa a ware, gwiwa a lanƙwashe, kamar wadda za ta zauna aka janye kujerar. Sati ya zagayo, tsayuwa. Wani ya zo, tsayuwa. Da cinyoyina suka fara rawa na ce, "Sifu, wai yaushe za a fara dukan?" Ta ce, "Kin iya tsayuwar?" Na ce na iya mana. Ta sa yatsa ta ɗan tura ni a ƙirji, sai ga ni zaune daɓas a ƙasa. (Akwai wata baturiya mai jikoki a ajin da ta yi dariya. Ban yafe mata ba.)

Daga baya aka shiga abin da ake yi mutum biyu. A ɗaure muku ido da ƙyalle, ku haɗa wuyan hannu, kowacce ta ji da fatarta inda ƙarfin ɗayar ya dosa. Idan aka damƙe ki aka ja, ba ja za ki yi ba. Ki murɗa hannu ta wajen babban yatsansa, ki juya ƙugu, ki ba shi hanya ya tafi inda ya nufa. Sifu takan ce, "Ƙarfinsa ne, ki mayar masa da kayansa." Akwai kuma dokar da ba ta wasa da ita: duk wadda ta kayar da abokiyar aikinta, ko aka kayar da ita, sai ta yi gaisuwa. A dunƙule hannun dama, a kifa tafin hagu a kansa, a ɗan sunkuya. Ma'anarsa wai na rufe naushina, babu gaba tsakaninmu. Wadda ta manta, tsayuwar nan za ta yi har a tashi. Na sha hukuncin har gaisuwar ta shige mini ƙashi.

Gaisuwar kaɗai ce ta shiga, gaskiya. Murɗa hannun bai taɓa yi mini aiki ba ko sau ɗaya. Ko in leƙa ta ƙasan ƙyallen, ko in tsaya gardama. Sifu ta ce hannuna ba zai taɓa ji ba muddin bakina yana magana.

To a cikin wannan yanayi Mubarak ya shigo. Akanta ne a Birmingham, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, ban san me ya gani a wurina ba. Mun daidaita, saura abu ɗaya: mahaifiyarsa, Hajiya Binta. Ya faɗa mini ƙiri-ƙiri ba zai tsallake maganarta ba. In ta gyaɗa kai, manyansa za su zo wurin Baba. In ta girgiza, shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Kuma mace ce da ta taɓa soke maganar wata yarinya don ta gaishe ta a tsaye.

"Me ka ce mata a kaina?" na tambaye shi.

"Na ce kina da natsuwa, ba ki da hayaniya."

"Mubarak, ƙarya ka yi wa mahaifiyarka."

"Ba ƙarya ba ce, addu'a ce."

Sai Allah ya kawo bikin Safiyya, 'yar gwaggona da ke unguwar Handsworth a Birmingham, kuma angon ɗan yayan Hajiya Binta ne. Wato ita ce gwaggon ango, ita za ta jagoranci kamu. Muka tsara da Mubarak: ana gama kamu zai shigo ya kai ni gabanta in durƙusa in gaishe ta. Har atisayen sunkuyar da kai na yi a gaban madubi.

Gidan Gwaggo irin dogayen gidajen nan ne masu ƙunci, falo kamar akwatin ashana, ga mata cike har kan matakala. An kunna hita, an kunna turaren wuta, an cire batirin na'urar hayaƙi don kar ta tona mana asiri. Ƙawayen amarya suka ce ba za a ba dangin ango amarya a ɓagas ba. Za a zaunar da amarya da wasu biyu a ɗakin baya, a lulluɓe su da mayafi iri ɗaya tun daga kai har ƙafa, su gane tasu in sun isa. Aka ce ni ce ɗaya. Safiyya ta ce, "Ke shiga lulluɓin nan, shi kaɗai zai rufe miki baki." Ban yi musu ba, don na lissafa cewa in Hajiya ta ɗaga mayafi ta tarar da ni zaune shiru, kai a ƙasa, rabin aiki ya ƙare.

An ce bayan la'asar za su zo. Kun san alƙawarin dangin ango. Muna zaune, muna zaune, gumi yana bin bayana, ba na ganin komai sai duhun leshi. Can na jiyo hayaniya a ƙofar gaba, ƙawaye sun tare hanya ana ta ciniki da shewa, duk 'yan ɗakin suka ruga kallo. Na san za a daɗe. Hankalina ya tafi yawo, ya koma Oxford Road, wurin mai keken nan, ina raya abin da zan yi masa da yau ne.

Abin da ban sani ba, Hajiya Binta tsohuwar hannu ce a harkar biki. Waɗanda ke ƙofar gaba turo su ta yi don ɗauke hankali. Ita kuwa ta zagayo ta lungun baya inda ake ajiye kwandunan shara, ta shigo ta kicin, ta cire takalmi, ta lallaɓo a kan yatsun ƙafa. Ta dubi ƙunshi uku, ta zaɓi na tsakiya.

Ni dai ji na yi an damƙi wuyan hannuna an fizga da ƙarfi, "Na kama!"

Ido a rufe, baki a rufe, karo na farko a rayuwata. Hannuna ya murɗa da kansa. Ƙuguna ya juya da kansa. Na ba ta hanya, ta tafi inda ta nufa.

Inda ta nufa kuwa teburin tsakiya ne, wanda aka jera farantan dubulan da alkaki a kai. Na ji ƙarar faranti, na ji "Wayyo Allah ƙuguna!" Na yaye mayafi na miƙe, ƙafa a ware, gwiwa a lanƙwashe, hannaye a gaba. Ga wata dattijuwa zaune cikin alkaki, gwaggwaronta ya yi gabas, kwalbar turarenta ta yi yamma, ƙafa ɗaya a sama. Mata suka dawo a guje suka cika ƙofa. Wata 'yar haihuwar nan ta ce, "Oh my days," ta ɗaga waya.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila an ce tsautsayi ne. Amma jikina bai gama aiki ba. Na kayar da mutum, kuma doka doka ce. Na dunƙule hannun dama, na buga tafin hagu a kansa ji kake tas, na sunkuya a kanta.

Ku gaya mini, wace Bahaushiya ce za ta ga an dunƙule hannu an buga a tafi a saman kanta ta ce gaisuwa ce?

"Ku riƙe ta!" Hajiya ta kwarma ihu tana ja da baya cikin dubulan. "Jama'a ku riƙe ta, za ta ƙara!"

Mama ce ta riƙe ni, ta kunne. Tana salati tana murɗawa, kuma wallahi murɗarta ta fi ta Sifu.

Aka ɗaga Hajiya aka zaunar a kujera, aka ɗauko ledar koren wake daga firiza aka kara mata a ƙugu. Aka kira Mubarak daga mota. Ya shigo da fara'arsa, babbar riga ta sha guga, shi a zatonsa lokacin gabatarwa ne ya yi. Ya ga mahaifiyarsa da ledar wake, ya gan ni durƙushe a ƙasa, fara'ar ta gudu.

"Mubarak, 'yar gidan wa ce wannan?"

"Umma... ai ita ce."

"Ita ce wa?"

"Wadda na ce miki."

Hajiya ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Mai natsuwar?"

"Umma ba ta saba yi ba."

Nan ne ya kamata in yi shiru. Kowace yarinya mai hankali shiru za ta yi, ta matso hawaye. Ni kuwa sai na ɗago kai na ce, "Wallahi Hajiya gaskiya ya faɗa, yau ne ma karo na farko da abin ya yi aiki."

Amarya, daga cikin mayafinta, ta fashe da dariya har tana shaƙewa. Mubarak ya rufe ido kamar mai jiran allura.

A jirgin ƙasa na komawa Manchester Mama ta juya mini ƙeya har muka sauka. Mubarak ma ya ɗauke ƙafa, saƙo ɗaya ya turo: "Ki yi addu'a." Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, don ina son mutumin nan. Ran Asabar na nuna wa Sifu bidiyon ina neman mai tausaya mini. Ta kalla, ta mayar baya ta sake kalla, ta ce, "Ƙugun ya yi. Gwiwar ce ba ki sauke sosai ba."

Mama da Gwaggo ne suka yi ta zarya gidan Hajiya da atamfa da turare suna ban haƙuri, ni ina biye kamar akuyar da za a kai kasuwa. A zuwa na ƙarshe ta bar ni durƙushe har ta gama shan shayinta, sannan ta ce, "Yarinyar da ta kasa yi mini ƙarya a ranar da ƙarya za ta cece ta, ba zan ce ba ta da hali ba. Natsuwa ce dai babu. Shi ya ji ya gani, su turo. Amma ku shaida, ranar da suka yi faɗa kada wanda ya kira ni rabo. Ɗana ne, ina son shi, amma ƙuguna ɗaya ne."

An yi bikinmu bara. Ranar kamuna babu gwaggon da ta yarda ta matso. Daga bakin ƙofa suka tsaya, aka yi sallama da ƙarfi, aka faɗi sunan kowa, sannan aka feso turaren daga nesa kamar ana maganin sauro.

Abin da na koya shi ne, jiki yana ɗaukar karatu ko mai shi tana surutu, sai dai ba ya tambayar sunan mutum kafin ya biya. In za ki koyi kare kanki, 'yar'uwa, ki haɗa da koyon leƙawa.