Goggo, Jif ɗin Malam Apollos, Ta Rasu da Ƙishirwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta gama warkewa daga na baya ba, Malam Apollos Nicodemus na unguwar Demsawo a Jimeta, tsohon malamin makaranta mai cin fansho, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da 'yan ikilisiya, da duk wanda ya taɓa tura ta da safe, rasuwar tsohuwar jif ɗinsa wadda kowa ya sani da suna Goggo. Ta yanke jiki ta faɗi a bakin titi, gaba da Ngurore kaɗan, tana ɗauke da dutsen kabarin uwargidansa Keturah zuwa ƙauyensu a ƙasar Ganye. Ta yi jinya a garejin Hamajoɗa da ke Rumde, a nan kuma rai ya yi halinsa. Masana sun ce gasket ta ƙone, wato faifan nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, mai hana ruwa da mai haɗuwa. Malam ya ce su kira ciwon duk abin da suka ga dama, shi dai ya san ƙishirwa ce ta kashe ta.

Babu wanda ya san ainihin shekarun marigayiya, don da furfurarta ta shigo gidan. Malam ya saye ta ne a gwanjon wasu masu haƙa rijiyoyi, lokacin yana koyarwa a Mubi. 'Ya'yansa, Hadassah da Danny, su suka raɗa mata Goggo, saboda ba ta tashi da safe sai ta yi tari, ba ta tafiya sai da mita, amma ba ta taɓa barin kowa a hanya ba. Duk wanda ya zauna kusa da gidan ya san gaisuwarta: kirrr, kirrr, sai ta yi shiru kamar ta fasa, sannan gwaf, ta kama. Ta ɗauki buhunan doya da Keturah ke sayarwa a kasuwar Jimeta, ta ɗauki amare da masu naƙuda da kujerun coci, ta taɓa ɗaukar bunsuru a kujerar baya bai biya ko kwabo ba. Ba a ce ba ta da aibi ba. Tana shan dizal babu tsoron Allah, ƙofarta ta hagu daga waje kawai take buɗewa, kuma duk wanda ya shige ta da farar riga ya san bai shirya ba.

Abin da ya sa ta wuce mota ta zama 'yar gida ya faru ne a shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi. Ranar da gari ya watse, Malam ya zuba iyalinsa a ciki, maƙwabta suka biyo, har sai da aka rasa inda za a sa ƙafa. Da kirista da musulmi, da wata mai tsohon ciki da ba su ma san sunanta ba. Titi bai biyu ba, suka nausa daji. A nan Goggo ta nuna irin tarbiyyarta, ta ratsa gonaki da busassun rafuka tana nishi, har wani kututture ya soke ta a lagireto, ruwanta ya fara tsiyaya. Ana jin harbi daga baya. Malam ya tsaya riƙe da kai, don iliminsa na mota bai wuce sitiyari ba. Keturah ce ta kwance ɗaurin kayanta, ta ciro sabulu, ta murje shi da miyau ta liƙe ɓular. Sannan ta bi mutane da buta tana karɓar ruwan shansu. Kowa ya bayar, har mai cikin. Goggo ta sha, mutane suka haƙura da ƙishirwa, da haka aka iso Yola da rai. Allurar da ke nuna zafin inji ta mutu a wannan tafiyar, ba ta sake motsi ba, ba a kuma gyara ta ba.

An yi wa lagireton walda bayan hankali ya kwanta. Amma tun daga ranar Keturah ta ɗauki wata ɗabi'a. Kowace safiya, kafin ta ɗora tukunya, kafin kowa a gidan ya kai ruwa bakinsa, sai ta cika shuɗiyar butarta a randa, ta ɗaga bonet, ta shayar da Goggo. In ta gama ta shafa mata goshi ta ce, "To Goggo, kin sha naki, saura mu." Malam ya ɗauka alkawari ne ta yi wa Ubangiji a cikin dajin nan, irin na matan zumunta. Yakan zolaye ta ya ce wata rana sai ta dama wa motar kunu. Ita kuwa dariya kawai take yi, ta rataye butar a ƙusa. Shekara goma ana haka. Shi nasa mai ne da taya da takardu, ƙarƙashin bonet kuwa ɗakin Keturah ne, bai taɓa leƙawa ba.

A ƙarshen daminar da ta wuce Ubangiji ya kira Keturah gida bayan gajeriyar rashin lafiya. Motar ikilisiya ce ta kai ta ƙauye, don hannun Malam ya kasa riƙe makulli. Goggo ta zauna ƙarƙashin mangwaro wata da watanni, ganye na zuba a kanta, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Da masu sassaƙa suka gama rubuta dutsen kabarin, Danny ya ce a ba direban haya ya kai. Malam ya ce ba zai yiwu baƙo ya kai wa Keturah sunanta ba alhali Goggo tana da rai.

Safiyar tafiyar ya zuba mata dizal, ya bubbuga tayoyi, ya jera takardu saboda shingen jami'an tsaro. Ya ga butar rataye a ƙusarta, ƙura ta rufe ta. Ya miƙa hannu, zuciyarsa ta karye, ya janye. A ganinsa addu'ar wani ce, ba a ɗaukar addu'ar mamaci a ci gaba da ita ba izini. Maƙwabta suka tura, Goggo ta yi tarinta ta kama, suka fita.

Rana ta bazara, irin wadda Yola ta saba gasa mutane da ita. Sun wuce Ngurore sai ƙarfinta ya fara raguwa, wani wari ya taso, allurar nan kuwa tana kwance abinta kamar kullum. Malam ya ci gaba da lallashinta yana cewa ta daure. Ta daure har ta kasa. Da ya ɗaga bonet tururi ya buge shi, sai tausayi ya kama shi. Wanda ya sha rana ya galabaita, ai ba a ba shi ruwan ɗumi. Ya je wurin wata mai sayar da ruwa a kula a bakin hanya ya ce ta zaɓo masa fiya wata mafi sanyi, na can ƙasa kusa da ƙanƙara, don Goggo ta fi ƙarfin a yi mata rowa. Ya kwance murfin da tsumma, ya ɗura mata. Ta yi wata ƙara siririya, tas, wadda bai taɓa ji daga bakinta ba. Da ya murza makulli ta kama da ƙyar, farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, ta yi gwaf, gwaf, ta yi shiru. Wannan ne kalaminta na ƙarshe.

A gareji, Hamajoɗa ya zaro sandar mai ya nuna masa, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Da aka kwance kan injin aka tarar ba gasket kaɗai ba ne, ƙarfen kansa ya tsage, aikin ruwan sanyi ne a kan ƙarfe mai zafi. Da gasket ne kawai, da a goge fuskar kan injin a sa sabo, da aiki da komai wajen dubu ɗari da hamsin. Yanzu sai an nemo wani kan inji ɗan Beljiyam, wato na hannu, wanda Emeka mai kayan gyara ya yi wa kuɗi dubu ɗari shida, bai kuma yi rantsuwa a kan lafiyarsa ba. "Oga Malam," in ji Emeka, "ka sa kai sabo a jiki tsoho, gobe jiki zai yi fushi. Ka sa inji gaba ɗaya ka huta." Inji gaba ɗaya kuwa ya haura miliyan biyu, kuɗin da fanshon malamin makaranta bai taɓa gani ba ko a mafarki.

Masu shawara ba su yi ƙasa a gwiwa ba, Allah ya saka musu. Akwai wanda ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a lagireto. Akwai wanda ya kawo wani ruwan gwangwani da ya ce yana ɗinke ƙarfe. Wani dattijon ikilisiya ya zo da man shafewa. Wani kuma, wanda keke ma bai mallaka ba, ya ce a ciro injin ƙaramar mota a dasa mata. Malam ya saurari kowa, ya yanke tasa shawarar: zai sayar da ɗan filinsa na Yolde Pate, wanda shi kaɗai ya rage masa, ya tashi Goggo. Hadassah ta yi ta kuka a waya tana cewa Baba ya yi tunani, ya ce ya riga ya rasa ɗaya, ba zai zauna yana kallo ya rasa ta biyu ba.

Ranar da ya je gaya wa Hamajoɗa a fara aiki, ya tarar an ciro lagireton an jingine. Hamajoɗa ya nuna masa wani farin tabo a gefen tsohuwar waldar.

"Baba, wannan wuri bai taɓa warkewa ba. Kullum yana zubar da kamar rabin buta. Tuntuni na gaya wa Mama a canja, ta ce a bari, ita tana da ruwa. Na ɗauka kai ma ka sani."

Malam bai sani ba. Ya nemi benci ya zauna. Shekara goma yana wa matarsa dariya a kan addu'a, ashe ita ce ke riƙe da ran motar da hannunta, safiya bayan safiya, ba ta taɓa yi masa gori ba. Sannan ya tambaya, in an sa sabon inji da sabon lagireto, za ta riƙa neman ruwa da safe?

Hamajoɗa ya ce, cikin alfahari da aikinsa, "Ko kaɗan, Baba. Shekara guda ma ba za ka taɓa buta ba."

Malam ya ce to a bar ta ta huta. Mota mai sabon inji wadda ba ta shan ruwan buta, wata ce daban ta ari rigar Goggo, shi kuma ba zai sayar da filin 'ya'yansa don baƙuwa ba. A wannan lokacin ne iyali suka ɗauka ta cika.

Marigayiya ta rasu ta bar mai gidanta, da Hadassah da Danny, da safaya taya guda wadda ta fi sauran lafiya, da jak da ba ya ɗagawa sai an yi masa waigi da dutse, da ƙaninta janareto wanda shi ma yana kwance. Ta bar mutanen da ta fitar daga daji, waɗanda suka bazu daga Jimeta har Legas, cikinsu da Naziha, 'yar mai tsohon cikin nan, wadda yanzu ta isa zuwa makaranta da ƙafarta. Ta kuma bar buta shuɗiya.

Iyali suna isar da wasiyyarta ga masu tsofaffin motoci. In allurar zafi ta mutu, a gyara ta a ranar. In mota ta yi zafi a kashe ta, a ba ta lokaci ta huce da kanta, kada a kusance ta da ruwan sanyi komai ƙaunar da ake mata. Farin hayaƙi, da mai da ya canja kala, da ruwa mai kumfa a lagireto, ba abin da za a ce sai an dawo daga tafiya ba ne. Malam ya ƙara da tasa: duk mai wani a gida da ke yin wani ƙaramin abu kowace safiya, ya tambaye shi dalili tun yana nan.

An mayar da gawar gida, tana kwance ƙarƙashin mangwaro a Demsawo, inda ake karɓar gaisuwa. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da sabuwar shawara, kada kuma a tambayi nawa 'yan gwangwan suka taya. Dutsen kabarin yana nan a bayanta yadda ta ɗauko shi. Ranar Asabar da safe, bayan gajeriyar addu'a, za a sauke shi a sa a motar ikilisiya zuwa ƙauye, Malam zai zauna kusa da shi. Bayan tashinsu ne 'yan gwangwan za su zo su ɗauke Goggo, don ya ce ba zai iya kallo ba.

Kafin a tashi, kafin a raba wa kowa ruwa, Malam zai sauke butar daga ƙusa, ya cika ta a randa, ya shayar da Goggo. Hamajoɗa ya gaya masa babu abin da ya rage a ciki da zai riƙe ruwan, ƙasa zai zube gaba ɗaya. Malam ya ce ya sani.