Ranar da Na Yi wa Mutanen Ayalan Ta'aziyya

Sanusi, ƙanin matata, shi ya tozarta ni a gaban Turawa, kuma ko tsufa ya sa na manta sunana, wannan ba za ta fita raina ba.

Lokacin ina tuƙa wata Baturiya 'yar ƙasar Ayalan, malamar makaranta, tana gwada ni. In ta riƙe ni, makarantarsu za ta yi mini iƙama, takardar zama a Masar. In ta sallame ni, sai wasan ɓuya da 'yan sanda. Sai ga wani babban jami'insu ya zo ganawa da mutanensu na Alƙahira a wani otel a Wustul Balad, tsakiyar birnin, don hankalinsu ya tashi kan zamansu da Ingila, musamman batun iyaka. Madam ta ce ranar taron in shigo in taya su raba shayi.

Ni kuwa aji uku na tsaya a sakandare, Turancina bai wuce na hagu da dama ba. Na nemi shawarar Sanusi, ɗan jami'a, mai cin tuwona kyauta a gidana da ke unguwar Faisal. Ya ce ai Ayalan da Ingila uwa ɗaya uba ɗaya ne, ga sarauniyarsu ba ta daɗe da rasuwa ba, rashin tarbiyya ne in shiga ban yi gaisuwa ba. Shi ya tsara mini kalmomin. Na yi ta bita a cikin mikrobas, motar haya, har na kusa da ni ya matsa.

Ana tsakiyar taro, wani tsoho yana ta faɗa kan Ingila, na ajiye tire, na rusuna gaban jami'in, na dafa ƙirji. Na ce Allah ya ba su haƙurin rashin uwarsu sarauniya, ya ja zamanin sabon sarkinsu.

Tsohon ya yi ja har kunne. Jami'in ya ce a hankali ya gode, amma su ba su da sarki, kakanninsu jini suka zubar don su rabu da shi. Ni kuma ina durƙushe (har da guntun hawaye, wai don abin ya yi kyau).

A mota Madam ta ce in zauna gida, za ta neme ni. Na dai koyi tambayar mutum wa ya mutu masa kafin in durƙusa.

Na tarar da Sanusi yana danne dariya. Wai ma'alish Yaya, in yi haƙuri, shi bai zaci zan yi da gaske ba.

Na ce, "Tamam. In Madam ba ta kira ba, da bakinka za ka faɗa wa yayarka abin da zai mayar da mu Kano. Kuma kai za ka ɗauko akwatuna."