Yaƙin Surin Kwarin Maje

Ku kasa kunne, ya ku ma'abota tarihi da masu kiyaye nasabar mazaje, ga ƙissar Tanimu ɗan Jatau ɗan Makau ɗan Bawa Mai Turke, Bawan nan da ya iso bakin rafi ya kafa turke ya ɗaure jakinsa, jakin ya tsinke, aka bi sawunsa ba a same shi ba, sai aka gaji aka zauna, zaman ya zama garin Kwarin Maje. Daga wannan tsatso mai albarka Tanimu ya fito: mai injin niƙa na bakin kasuwa, Shugaban ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Guguwa, Garkuwan Raga, Barden Bakin Layi, gwarzon da bai taɓa buga ƙwallo ta tafi inda ya nufa ba, amma muryarsa ta sha tuna wa alƙalan wasa cewa suna da iyali a gida.

Amma bayan haka, a shekarar da wannan al'amari mai girma ya auku, Guguwa ta kai wasan ƙarshe na kofin gunduma, abin da dattawan gari suka ce rabonsu da gani tun ana naɗe tsumma a kira shi ƙwallo. Abokan karawarta su ne Tauraron Dutsen Bagudu, ƙarƙashin Ɗantala mai sayar da taki, mutum mai sanyin magana da murmushin da ba a san inda ya dosa ba. Dokar gasa kuwa ta ce wasan ƙarshe a filin makarantar sakandaren gunduma ake yinsa, filin da ba na kowa ba, domin kada wani ya ce an yi masa taron dangi.

Da labari ya iske Tanimu, sai ya kashe inji, ya fito fari fat da garin dawa tun daga gira har idon sawu, ya tsaya a majalisar gindin ɗorawa ya yi rantsuwa mai nauyi: ko a buga wasan nan a Kwarin Maje, ko ya ajiye shugabanci. Kuma yana da hujja. Filin Kwarin Maje ba fili ba ne, runduna ce. Ya gangara wajen rafi, ta yadda baƙo kan bi ƙwallo har ya manta abin da ya kawo shi. Yammacinsa tsidau ne, mai sa ɗan wasa rawar da bai koya ba. 'Yan kallo sukan tsaya a kan layi, kusa ƙwarai, har baƙon da ya zo jefa ƙwallo ya ji cikakken tarihin kakarsa. A gaban ragar arewa kuma akwai suri, ja, ƙaƙƙarfa, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, yana nan tun kafin a haifi mai tsaron ragar. Ba a taɓa cin Guguwa a wannan fili ba.

Sai sadauki ya hau babur ɗinsa, ingarman da aka ɗaure wa salansa da waya, wanda ba ya tashi sai an tura shi kuma ba ya tsayawa sai ya ga dama, ya keta gonaki da kwazazzabai, kaji suna watsewa a gabansa kamar rundunar da aka karya, har ya dira a gaban kwamitin gasa. Shugaban kwamitin shi ne Malam Isiyaku, tsohon hedimasta, dattijon da ya yi zaton ya gama da hayaniya ranar da ya bar aji.

Tanimu ya buɗe baki da hantsi. Ya kawo tarihin jakin Bawa, ya kawo zaluncin da aka yi wa Kwarin Maje a rabon rijiyar burtsatse, ya kawo tsadar mota, ya kawo tsofaffin da za su mutu ba su ga wasan ƙarshe ba, ya kira sunayensu, har da biyu da suka riga suka rasu. Rana ta take tsaka, cikin 'yan kwamiti ya fara kiran ciroma, Tanimu bai dasa aya ba.

Ɗantala, wanda shi ma yana wurin, ya ɗaga hannu a hankali. "Ranka ya daɗe, filin da ake magana, akwai suri a gaban raga. Bara ɗan wasanmu ya yanke mutum uku, suri ya karɓe ƙwallon."

Malam Isiyaku ya dubi kwanon tuwonsa da ke hucewa a kan taga, ya ce, "Tanimu, ka rushe surin nan, ka gyara fili, mun ba ka. Don girman Allah ka bar mu mu tashi."

Ɗantala bai yi musu ba. Murmushi kawai ya yi, Tanimu kuwa ya fassara shi da murmushin wanda aka ci da yaƙi.

Ranar gwabzawa, jarumi ya fito da diga a kafaɗa, shebur a hannu, jama'ar gari a bayansa, masu goro da masu rake suna bin rundunar kamar yadda aka saba a manyan yaƙoƙi. Ya hana 'yan wasa taɓa komai, don kada ƙafafun da al'umma ta dogara da su su gaji. Mai tsaron raga, wani dogo da ake kira Nomau, ya matso yana sosa ƙeya.

"Shugaba, surin nan fa, ni da shi..."

"Mai tsoro ya koma gida ya taya mata surfe!" in ji Tanimu. Ya ɗaga diga sama har ta kare rana, ya yi kururuwa, "Kwarin Maje!" ya sauke ta.

Digar ta dawo masa. Suri bai ko yi tari ba.

Ya sake, ya kuma sakewa, gumi ya haɗu da garin dawa ya zama kunu a fuskarsa, har Allah ya kawo fatahi, katangar maƙiya ta tsage. Nan fa dakarun zago, sojojin gara, suka ɓullo, sahu bayan sahu, manyan kai, ba sa tsoron mutuwa, kuma daga ɓangaren hagu mayaƙan cinnaka, waɗanda ba su da hannu a rigimar amma ba sa ƙin gayyata, suka yi masa ƙofar rago ta ƙafar wando. Masu tarihi sun yi saɓani a kan abin da ya faɗa a wannan sa'a, amma sun haɗu a kan cewa an ji shi a Dutsen Bagudu, kuma ya isa rafi kafin takalmansa.

Ya dawo a jiƙe, yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu tsakanin gwiwoyi, ya sake ɗaukar makami. Ana cikin haka wani ƙaton damo ya fito daga cikin surin ya nufi gonar rogo. Rundunar Kwarin Maje gaba ɗayanta, manya da ƙanana, ta juya ta bi nama da gudu, ta bar amirul jaishi shi kaɗai a fagen fama. Uwargidansa Ladidi ce kawai ta zo, ta ajiye masa kwanon fura, ta ce, "Malam, mutane fa na can sun yi layi da hatsi a bakin inji." Ya dube ta da idon wanda duniya ba ta fahimta ba, ya shanye furar, ya ci gaba.

Da suri ya faɗi, zafin nasara ya hau kansa. Ya kwashe jar ƙasar ya cike gangaren da ita. Ya bi tsidau ya tumɓuke shi har saiwa. Ya kafa turaku ya ja igiya nesa da layi, don baƙi su ga Kwarin Maje ta waye. Bai bar komai ba.

Ranar wasa gari ya cika ya batse. 'Yan Tauraro suka sauko daga mota, suka taka filin, suka dubi juna kamar waɗanda aka shimfiɗa wa sabuwar tabarma. Aka busa usur. Ɗan gabansu ya ɗauko ƙwallo ya nufi ragar arewa, sai 'yan bayan Guguwa, waɗanda tun suna yara suke barin tsakiya ga wanda ya fi su iyawa, wato suri, suka dare gida biyu cikin ladabi. Nomau ya yi tsalle ya faɗi daidai inda ƙwallo ta saba dawowa in ta bugi suri. Ƙwallon ta wuce abinta, ba ta gaishe da kowa ba. Daga bayan igiya jama'a suka yi ta zagi iya ƙarfinsu, iska ta kwashe rabi. Aka tashi huɗu da nema.

Malam Isiyaku ya miƙa wa Ɗantala kofi, sannan ya nemi a yi shiru. Ya ce a duk tsawon aikinsa bai taɓa ganin fili mai kyau da adalci irin wannan ba, don haka kwamiti ya mayar da shi filin gunduma, wanda ba na kowa ba, a nan za a riƙa buga kowane wasan ƙarshe. Da yake kuma filin da ba na kowa ba ba ya zama gidan wani, Guguwa za ta koma buga wasanninta na gida a bayan kasuwar shanu. Domin sakayya, aka naɗa Tanimu ɗan Jatau Sarkin Fili, aka yi tafi, aka danƙa masa alamar sarauta: bokitin toka na zana layi.

Ɗantala ya zo wucewa rungume da kofi, ya tsaya ya rusuna.

"Allah ya ja zamanin Sarkin Fili. Layin gabas ɗin nan ya ɗan karkace."

Tanimu ya buɗe baki, jama'a suka ja baya suna jiran aradu. Ya juya ya dubi layin. Ya karkace ɗin kuwa. Ya ɗauki bokitinsa ya nufi gabas.