Lamba Ɗaya ta Meneer Wiebenga

Duk faɗin lardin Friesland ba a haifi gwani irin Meneer, wato Malam, Sjoerd Wiebenga ba. In kuna shakka ku tambaye shi. Mu a ofishinmu na garin Leeuwarden muna ce masa Na-Gaba, domin ko layin kofi ne sai ya san yadda ya yi ya tsaya a kai. Kekensa ma ba ya yarda a jingina wani a gabansa.

Aikinmu ba wani abin a zo a gani ba ne. Muna da babbar kwamfuta, sabar, a cikinta kuma muna kiwon ƙananan kwamfutoci marasa gangar jiki, muna ba kamfanoni haya. Kowace sai an ba ta adireshi, wato lamba, daga cikin jerin da aka ware. Aiki ne na raba ɗakuna a gidan haya, amma a bakin Na-Gaba ya zama sarauta.

"Ni ba lambobi nake rabawa ba," in ji shi, yana cin burodi da cuku a tsaye. "Gari nake zanawa. Ku kuwa, jama'a, 'yan share titi ne."

Ana nan sai kujerar shugaban sashe ta zama babu kowa. Mai kamfanin, Mevrouw, wato Uwargida, Hiltje Boonstra, ta ce ranar Litinin za ta faɗi wanda ya samu. Na-Gaba har ya auna tagar sabon ofishin don labule.

Ranar Jumma'a da hantsi aka ba shi ya tsara jerin adireshi na ƙungiyar manoman dankali, masu lodin iri zuwa tashar jirgin ruwa. Ya tara mu mu ga yadda ake aiki. Ya ware musu daga goma zuwa ɗari biyu, daidai wa daida. Sai idonsa ya faɗa kan lamba ɗaya.

"Wannan fa? Ta wa ce?"

Ba tambaya yake yi ba, don bai taɓa jiran amsa ba. "Ɗaya guda a zaune babu mai ita! Ai ta babba ce." Nan take ya liƙa lambar a kwamfutarsa ta gwaji, wadda ya sa wa sunansa.

Girman kai rawanin tsiya. Lamba ɗaya ta ƙofa ce, ta nan kowane saƙo yake fita duniya. Ƙananan kwamfutocin nan kaf suka juyo, suka yi cincirindo a gaban ta Sjoerd, kowace na neman hanya, ita kuwa ba ta da ko taga.

"Kun gani?" ya ce, yana nuna allo. "Duk wajena suke zuwa."

Wallahi har tausayi ya so ya kama ni, amma dariya ta riga shi. Kafin Na-Gaba ya rufe baki wayoyi suka ɗauki ƙara. Motocin dankali sun yi layi a bakin ɗakin ajiya, babu takardar lodi, jirgi kuma ba ya jiran kowa.

Mevrouw Boonstra ta shigo da rigar ruwanta a jiki. Ita ta gina sabar ɗin da hannunta, cikin minti kaɗan ta mayar wa ƙofa lambarta.

"Sjoerd, kujerar nan ka manta da ita," ta ce. "Amma tunda ɗaya kake so, na ba ka. Daga yau duk mai ƙorafin da ya kira kamfanin nan ya danna ɗaya, kai zai samu."

Wayar teburinsa ta fara ƙara. Manomin dankali ne.