Na Yafe, Duniya da Lahira

Ba zan taɓa mantawa da bikin yayan Rakiya a Wurno ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, ina ƙaramin malami a elementaren Rabah, kaina cike da 'yan littattafan nan na kasuwa inda saurayi ke yin baiti biyu budurwa ta suma. Sai na tsara wa Rakiya, ɗiyar wani marini, waƙa. Wata uku ina goge ta. Farkonta: "Rakiya mai hasken wata, duk inda kika gitta ƙamshi ya tsaya."

Ran wata kasuwa ina rera wa abokaina ita a bakin kanti, akawun wani kamfanin sabulu ya ji. Ya yaba, ya ce kamfaninsu zai yaɗa ta har Ikko. Ya ciro takarda da Turanci, ya fassara mini cewa in na sa hannu na bar wa kamfani haƙƙina.

To ni haƙƙin da na sani shi ne wanda maniyyaci ke bi gida-gida yana roƙon a yafe masa. Har tausayi kamfanin ya ba ni, mutane masu tsoron Allah haka. Na dafa ƙirji na ce, "Na yafe, duniya da lahira." Na sa hannu har da lanƙwasa wutsiya (malamin makaranta fa, mai koyar da karatu).

Damina ta sauka, ruwa ya yanke hanya, na maƙale a Rabah ina mafarkin sunana a bangon littafi. Ban san motar kamfani mai lasifika ta gama zaga kasuwannin Wurno da Goronyo ba.

Ranar bikin, bayan la'asar, maza na zaune ƙofar gida, mata na bayan zana, na san Rakiya na cikinsu. Na miƙe da rigar aro, na lumshe ido, na ɗauko baitin farko. Ban kai ƙarshensa ba matan suka amshe da tafi: "Sabulu Mai Wata, duk inda ya gitta ƙamshi ya tsaya, kumfa ta tashi, dauɗa ta gudu!"

Na buɗe ido. Kowa ya iya waƙata, har mai ganga.

Kawun Rakiya, wani dattijo mai hannu baƙi ƙirin da baban rini, ya dube ni a natse ya ce, "Malam, mi ɗiyammu tay yi maka? Wanka ne kag ga ba ta yi?"

Na rantse ni na tsara ta, don Rakiya na tsara ta, sabulu ne ya shigo daga baya. Wani ya ce to ai sai in ce ni na tsara kiran kasuwa ma. A bayan zana na ji dariya guda da na sani, sannan na ji ta koma kuka.

Washegari na tafi wurin akawun ya zo ya shaide ni gaban kawun. Ya ba ni kujera, ya ce shi ma ya san ni na yi ta, amma yanzu ta kamfani ce, bakinsa ba zai faɗi wani abu daban ba. Ya ƙara da cewa rera ta da na yi cikin taro ba izini ma laifi ne, doka ta hana, amma zai kau da kai. Wato ni ne ɓarawon. Na ce to a mayar mini da sunan Rakiya kawai, su riƙe sauran. Ya ciro takardar ya nuna mini wutsiyar sa hannuna.

"Duniya da lahira ka ce, Malam. Mu duniya kaɗai muka nema."

Rakiya ta aiko mini da saƙo guda, cewa yara sun sa mata suna Mai Wata, kada in sake sa ta a waƙa. Ta auri wani mai saƙa daga Kwargaba wanda bai taɓa haɗa baiti ba. Ni kuwa har yau Malam Kumfa ake kirana.

Ina yafiya har gobe, addini ya ce a yi. Amma duk wanda ya zo neman haƙƙina riƙe da takarda, sai na karanta ta sau biyu, kuma lahira ba ta ciki.