Mashin Ɗin Maigida a Bakin Kasuwa

"Lafiya lau, sai dai ban kwana da kai a rai ba. Ina mashin ɗin?"

"Amarya, ko gaisuwar ba za ki bari in ƙarasa ba?"

"Ka ƙarasa ta a hanya. Sumayya ta kira, jikin Usman ya tashi. Tun safe sunana yake ambato."

Iya Yalwa ce tsaye a ƙofar gidansu a Malali, mayafi a karkace. Usman ƙanenta ne, su biyu suka rage a ɗakinsu, yana kwance a gidansa na Tudun Wada tun farkon damina, 'yarsa Sumayya na jinyarsa. Sharhabil kuwa jikan Iya ne, ɗan ɗanta, tela ne, ya dawo cin abincin rana ya tarar da ita a bakin ƙofa. Tun yana rarrafe take ce masa maigida, shi kuma da ya yi baki ya riƙa ce mata amarya. Ba sa haɗuwa su rabu ba su taɓa juna ba.

Ya juyo da mashin, ta zauna a kaikaice ta damƙi rigarsa.

"Ki sassauta, wuyana kike shaƙewa."

"Wuyan da bai fi na zakara ba? Ja mu. Ni ban san abin da na gani na aure ka ba."

"Mashin kika gani."

"Wannan gwangwanin? Ai ya girme ka. Tun kana goye nake jin tarinsa a unguwa."

"Ke kuma kin girmi titin da muke kai."

"Ni a mota aka kawo ni garin nan, baƙa wuluk, tana sheƙi."

"Kaka Usman ya ce a kan jaki ne. Ya ce jakin ma da ya iso Rigachikun sai da ya kwanta, ya ce a nemo wani."

Ta ɗaka masa duka a kafaɗa, amma ba ta yi dariya ba. "Usman maƙaryaci ne tun yana ƙarami. Bari in isa, a gabanka zai janye maganar."

Har suka wuce Unguwar Rimi hanya a buɗe take. Sai da suka doshi Babbar Kasuwa suka faɗa cikin cunkoso. Wata babbar mota ce ta lalace a tsakiyar titi, masu keke napep suka cike duk wata kafa, har inda masu tafiya a ƙasa ke bi. Rana ta take, hadari ya taru can gabas ya hana iska motsi. Sharhabil ya riƙe kuloci, ya matsa kaɗan, ya tsaya, ya sake matsawa. Ba gaba, ba wurin juyawa.

"Maigida, ƙafata na gasuwa."

"Injin ne ya ɗauki zafi. Ba ya samun iska in ba gudu ake ba."

"Har da wari. Me kake soyawa a ciki?"

"Baƙin mai ne. Ki ɗage zanenki daga salansa."

"Ka ce nauyina ne mana, na san shi ke bakinka."

"Ni ban faɗa ba. Amma jiya na ɗauko buhun shinkafa da keken ɗinki, bai yi ko tari ba."

Ƙarar injin ta sauya, ta koma kamar ana kaɗa cokali a kwano. Mashin ya yi jijjiga, ya yi shiru.

"Ya mutu," in ji Sharhabil.

"Kada ka ƙara faɗin wannan kalmar yau."

Ya waiwayo ya dube ta. "Ya suma, Iya. Suma ya yi."

Ya taka kik, mashin ya yi tari ya ƙi. Ya sake takawa, ya sake, har gumi ya jiƙa masa baya. Na baya suka dame su da oda, wani mai keke ya leƙo yana faɗa. Dole ta sauka, ya tura shi gefe, gaban wata rumfar mai sayar da lemo da kankana.

"Sayo ruwan leda ka kwara masa."

"In na zuba masa ruwa da zafin nan, injin tsagewa zai yi. Sai dai ya huce da kansa."

"Kamar mai shi ke nan. Abu kaɗan sai fushi. To ni na tafi da ƙafata, na sake ka, ka je ka auri mashin."

"Mace ba ta saki."

"Yau an fara."

Ta kama hanya tana dafa motocin da ke tsaye. Ba ta yi nisa ba gwiwa ta ƙi. Ya ga ta tsaya ta dafa cinya, ya je ya riƙo ta, mai lemo ya matsa mata a benci. Ta zauna tana haki, idonta na kan titin da ya ƙi motsi.

"Nemo mini keke."

"Ga su nan birjik, Iya. Duba wanda ke tafiya ki nuna mini."

Ta duba. Babu.

"Da mijin kirki na samu, da goya ni zai yi."

"In goya ki in kai ina? Ni ma in suma a bakin kasuwa, a rasa wanda za a tura gefe?"

"Rago. Kakanka da hannu ɗaya yake ɗaga turmi."

"Shi ya sa ya riga ki gajiya."

Ta harare shi, ta gyara mayafi. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni na goya Usman, ka sani? Innarmu na wajen sussuka, ni ke yawo da shi. Ya cika kuka. In ba bayana ba, ba ya barci."

Sharhabil ya dubi mashin. Ya koma ya kai hannu kusa da injin, ya janye. Ya gwada kik, ƙafarsa ta dawo da ƙarfi, mashin ko tari bai yi ba.

Nan wayarsa ta yi ƙara. Ya ga sunan Gwaggo Sumayya, ya zagaya bayan rumfa ya ɗauka. Bai daɗe ba. Da ya dawo sai ya tsuguna gaban mashin ya ba Iya baya, yana taɓa wayar filogi da ba abin da ya same ta.

"Wace ce? Kishiya ka yi mini a ɓoye?"

Shiru.

"Ai na sani. Wa zai so ka in ba ni ba, da kunnuwa kamar faifai?"

Shiru.

"Tela da bai iya ɗinka aljihu ba. Rigar sallar da ka yi mini, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

Bai juyo ba. Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Tun da ya iya magana bai taɓa barin ta faɗi uku bai rama ɗaya ba.

"Sharhabil." Rabon da ta kira sunansa har ya manta. "Ya tafi ko?"

Ya juyo, ya gyaɗa kai. "Yanzun nan, Iya. Gwaggo ta ce sai bayan la'asar za a fita da shi. Za su jira ki."

Ta yi salati a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska. Mai lemo ya kashe rediyonsa ya ce Allah Ya jiƙan musulmi. Masu oda ba su fasa ba. Sharhabil ya durƙusa a gefenta.

"Da ta wata hanyar na bi…"

"Kul. Ba kai ka riƙe lokacinsa ba, ba mashin ba."

Suka zauna haka. Hadarin ya matso, iska ta fara kaɗawa da sanyi-sanyi. Can gaba aka samu aka ja babbar motar, layi ya soma motsi.

Ta buɗe fuska, ido jajur. "Rama."

"Iya?"

"Na zage ka ka yi shiru. Yau duk wanda na gani shiru zai yi mini, yana sunkuyar da kai. Kai kada ka yi. Rama."

Ya ɗago kai ya dube ta. "Rigar lafiyarta ƙalau," ya ce. "Hannunki ne ɗaya ya fi ɗaya tsawo, saboda miƙa shi cikin kwanon mutane."

Dariya ta kuɓuce mata, gajeriya, hawaye na bin kumatunta. Ta kwance haɓar zane ta ciro goro, ta fasa, ta miƙa masa ɓari mafi girma.

"Ka ci yau, ɗan nema. Karɓi."

Ya karɓa ya jefa a baki, duk da ba ya cin goro. Ya taɓa injin, ya huce. Ya taka kik, mashin ya tashi nan take, sumul, kamar bai taɓa ƙi ba. Dukansu suka tsaya suna kallonsa.

Ya riƙe ta ta hau. Ta kama rigarsa, ta jingina goshi a bayansa.

"Tafi a hankali, maigida. Yanzu ba sauri."