Farar Wuta a Kaskon Malama Yagana

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba na jin zan manta da ranar da baƙi suka zo duba makarantarmu.

Makarantar 'yan mata ce a wajen Limanti, kuma ba mu da ɗakin gwaje-gwaje. Akwai dai wani ɗaki da aka rubuta hakan a ƙofarsa, amma karyayyun kujeru ne a ciki. Malam Bukar, mai koya mana kimiyyar sinadarai, a allo yake zana kwalbar gwaji da alli, ya ce mu ƙaddara ruwan cikinta ya koma ja. Mu kuwa mu ƙaddara. Sai bara aka ce wata ƙungiya za ta ba makaranta ɗaya tak kayan gwaji, za su zagaya su ga wadda ta fi cancanta. Tun daga ranar Malam ya daina zama a inuwa da sauran malamai.

Dabararsa ita ce mu mayar da jadawalin sinadarai abin da ake taɓawa da hannu. Ya ce kowane layi da ya sauko daga sama zuwa ƙasa gida ɗaya ne, 'yan cikinsa halinsu ɗaya. Kowace ɗaliba ta ɗauki gida, ta bincika shi, ta nemo 'yan gidan a kicin ko a kasuwa. Masu rukunin farko suka kawo gishiri da kanwa, na biyu ɓawon ƙwai. Bintu, wadda muke benci ɗaya, ta ce ni a ba ni rukunin ƙarshe, na iskokin nan da ba sa hulɗa da kowa. Aka yi dariya, ni ma na yi (a cikin hijabi). Malam dai ya ba ni rukuni na goma sha shida, gidan iskar oksijin da farar wuta.

Na yi karatu kamar zan haɗiye littafin. Jimlar da na fi haddacewa a bayanin da zan yi wa baƙi ita ce: idan farar wuta ta ƙone a cikin iska, takan ba da hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. A tuna da wannan.

Mamanmu ta samo mini 'yan dunƙulen farar wuta a wurin mai maganin gargajiya. Na rasa mazubi, sai na ɗauki kwalbar turaren wutarta da ya ƙare. Ban wanke ba, don ina son ƙamshin. Kafin ranar, danƙon da ya rage a gindin kwalbar ya shafe su, daga rawaya sun koma ruwan ƙasa, suna ƙyalli. Na lura da hakan sarai. Na ce ma sun fi kyau.

A garin nan ba a tarbar baƙo ɗaki bai sha turare ba. Malama Yagana, mataimakiyar shugabar makaranta, ta sa aka rufe tagogin zauren da muka jera kayanmu don ƙamshi ya kama, ta shigo da kasko, garwashi ja wur. Turarenta ya cinye kafin motar baƙin ta iso. Suna shigowa ta waiga, idonta ya faɗa kan teburina. Ta ce mini, "'Yar albarka, kin yi tunani," ta ɗauki kwalbar tana gaisawa da babbar baƙuwar, wata hajiya mai lafaya shuɗiya.

Na ga komai. Na ga lallen da ya fara kwaɓewa a yatsanta, na ga murfin ya ɗan yi mata gardama, na ga ta zazzage dunƙulen a garwashi. Bakina ya buɗe. Amma manya suna gaisuwa, ana tambayar gida, ana tambayar yara, ana tambayar zafi, a ina zan sa baki? Sai na ɗaga hannu. Wallahi hannu na ɗaga, kamar mai neman izinin fita bayi, ba wanda ya kalle ni.

Da farko ƙamshi ya tashi. Sai wata siririyar wuta shuɗiya ta lasa gefen kaskon (littafi bai yi ƙarya ba), sai wari kamar an ƙyasta ashana kwali guda a hanci. Malama ce ta fara tari, sai layin gaba, sai zauren duka. Hajiyar ta dafe ƙirji tana laluben jaka, ashe tana da asma. Aka riƙe ta aka fita, aka yi waje da kaskon, aka ɓalle tagogi. Ta samu sauƙi a mota, Alhamdu lillahi, amma motar ba ta tsaya ba. Ba wadda ta faɗi ko kalma ɗaya daga abin da ta haddace.

Malam Bukar bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya shinshina kwalbar, ya dube ni da jajayen idanu.

"Kina wurin aka zuba?"

"Ina wurin, Malam."

"Kin san abin da zai faru?"

"Shi ne jimlata ta uku."

Ya tambayi abin da ya hana ni magana. Na ce Malama tana gaisuwa. Ya ce in je in sha ruwa.

Kayan gwajin wata makaranta aka kai wa, can Jiddari Polo. Ba wanda ya ce saboda ni ne, kuma ba wanda ya ce ba saboda ni ba ne. Bintu ta kwana biyu ba ta tsokane ni ba, wannan ya fi komai ciwo. Malam ya nemi canjin wurin aiki a ƙarshen zango, ya tafi bai yi sallama da ajinmu ba.

Har yanzu ba na katse manya idan suna gaisuwa, haka aka rene ni. Amma yanzu nakan fara duba abin da ke hannunsu.